Kunyar ɗan fari da hirar jariri: amsa ga ɗiyata

Ɗiyata, saƙonki ya same ni lafiya. Kin ce ma'aikaciyar asibitin da kike kai yaro riga-kafi ta ce ki riƙa yi masa hira, kina nuna masa littafi tun yanzu da yake wata takwas. Da surukarki ta zo muku Kubwa ta tarar kina yi, sai ta ce ina alkunya, ɗan fari ne fa. Shi ne kike tambaya ko kin saɓa al'ada.

Surukarki ba ta faɗi ƙarya ba. Haka muka taso. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko kuka yake sai an ce mata "ɗauke shi mana". Ni kaina har yau bakina bai saba da sunan babban yayanku ba.

Amma ki tuna irin gidan da ake yin wannan kunyar. A gidanmu na Gangare, nan Jos, matan aure shida ne, ga kaka, ga 'yammata masu rububin goyo. Daga hantsi zuwa magariba yaro na yawo daga wannan hannu zuwa wancan. Wannan ta yi masa tawai, waccan ta yi masa kirari, kaka na tsokanarsa da mijinta. Bakin uwa kaɗai kunya ta rufe, sauran bakunan duk a buɗe suke. Ke kuwa fa? Maigidanki ya fita da asuba don gudun cunkoson hanya, sai bayan isha'i. Ƙofa a kulle, daga ke sai yaro. In kin yi shiru, wa zai ji?

Don haka ki yi masa magana, ɗiyata, ki yi ta yi. A gaban surukarki ki sassauta, ki miƙa mata shi, ki roƙe ta ta yi masa tatsuniya. Haƙƙinta ne, kuma za ta ji daɗi. Sunansa ma ba sai kin kama ba, ai ga laƙabi.

Abin ba ya son kuɗi. Kina masa wanka ki ce ga kunne, ga hanci, kawo ƙafa. Yana goye kina girki, ki faɗa masa albasa kike yankawa. In ya yi gwaranci ki dakata, ki dube shi, ki amsa kamar ya faɗi magana, sannan ki jira ya sake. A wannan karɓa-karɓar yake gane cewa magana ba ni in ba ka ce. Littafi kuwa ki samo mai kauri, mai manyan hotuna. Zai kai baki, ki bar shi. Ki nuna akuya ki yi kukanta. Kuma da Hausa za ki yi, kada wani ya tsorata ki cewa za ta hana shi Turanci. Yaron da ya ƙoshi da harshen gida ba ya rasa abin da zai ɗora wani a kai.

Lissafi ma a tsakar gida muka fara shi. Inna in ta dawo daga kasuwar Farin Gada, sai ta zube dankali a faifai ta ce in ware manya gefe, ƙanana gefe, in ba ta biyar. Ina iya rera ɗaya zuwa goma kamar waƙa, amma in na zo miƙawa sai in kwaso bakwai. Sai ta kama yatsana ta ɗora a kan kowane ɗaya, muna faɗa tare, in mun kai ƙarshe ta ce, "To, nawa ke nan?" Nan ne gizo ke saƙar. Iyaye da yawa suna murna yaro ya haddace ƙirga, alhali bai san lambar ƙarshe ita ce yawan abin ba. In ya kai shekara biyu zuwa uku ki fara masa haka, da cokula, da takalma, da matakalar bene. Tsakuwar carafke sai ya daina kai abu baki.

Da dare, lokacin sanyin Jos, muna kewaye da kaskon wuta, kaka ta ce "ga ta nan, ga ta nanku", mu ce "ta zo mu ji ta". A wurin Gizo da Ƙoƙi muka koyi cewa labari yana da farko da ƙarshe. Sai kacici-kacici: uku-uku ta gama gari, murhu, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, tsintsiya. Kin ga har a nan ƙirga ake yi.

Rubutu kada ki yi masa gaggawa. A makarantar allo ma sai yaro ya daɗe yana biyawa da ka kafin a kai shi babbaƙu, sannan farfaru. A 1976 da aka buɗe UPE, wato shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, sai da na ɗora hannu bisa kai na taɓo kunnena kafin a rubuta ni aji ɗaya. Ki ba shi takarda ya yi ta jagwalgwalo, ya ishe shi.

Abin da nake jiye miki shi ne waya. Na ga yadda ake miƙa wa jarirai ita don a samu sararin aiki, kuma na san gajiyar mai raino ita kaɗai. Amma tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. In dai za ki sa masa waya, ki kira ni ta bidiyo in yi hira da angona.

Ki gaida surukarki da kyau, ki ce ina nan tafe bayan Sallah, zan zauna da ita a kan maganar. In kuma ku kuka riga ni zuwa, ki haɗo masa da hula da safa, garin ya fara sanyi.

Gwaggonki