Amsa kan shirya ɗalibai don gasar lissafi ta ƙasa

Malam, ka tambaya ko ɗalibanka da suka ƙware a lissafin WAEC za su iya kai makarantarku zagayen ƙarshe na gasar Olimfiyad da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda, a yankin Kwali na Abuja, take shiryawa. A ganina wannan ƙwarewar kaɗai ba za ta wadatar ba, domin daga wannan gasa ake tace waɗanda za su je gasar duniya ta IMO, wadda aka fara a Romaniya a 1959, inda kowace ƙasa ke tura ɗalibai shida, su yi kwana biyu suna amsa tambaya uku kowace rana cikin awa huɗu da rabi, ba tare da kalkuleta ba.

Abin da ke kayar da yara shi ne rubuta hujja. Ka ba su wannan tambaya ranar Asabar: su tabbatar cewa duk lambobi uku da ke jere, idan aka ninka su da juna, shida za ta raba sakamakon ba saura. Da yawa za su gwada 2, 3, 4 su ce sun gama. Wanda ya bayyana dalilin da ya sa dole a sami mai rabuwa da biyu da mai rabuwa da uku a cikinsu, shi za ka fara sa wa a tawagar.