Ɗalibina makaho ne, yaya zai yi gwajin kimiyya a kwamfuta?

Tambaya: Ni malamin fiziks ne a sakandare. Ina koyarwa da gwaje-gwajen kwamfuta, irin waɗanda ake jan abu da linzami a ga abin da zai faru. Bana an kawo mini ɗalibi makaho, manhajar da ke karanta masa allo kuwa da ta zo kan gwajin sai ta yi tsit. Akwai mafita?

Amsa: Akwai, Malam. Shirun ba laifin manhajar ba ne. Manhajojin karanta allo irin su NVDA da JAWS da VoiceOver rubutu suke karantawa, ba hoto ba. Yawancin gwaje-gwajen nan kuwa zane ne zalla, don haka a wurinsu allon fayau yake.

Fara da PhET, shafin gwaje-gwajen kimiyya a kwamfuta na Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, wanda Carl Wieman, mai lambar Nobel ta fiziks ta 2001, ya kafa a 2002. Kyauta ne. Dabararsu ita ce su ɓoye wani shafi na rubutu a bayan zanen, wanda ido ba ya gani amma manhajar karatu na bi. Ba duk gwaje-gwajensu aka yi wa wannan gyara ba, sai ka tace ka zaɓi waɗanda aka gyara.

Ɗauki gwajinsu na balan-balan da rigar sanyi. Yaro ya danna Tab har ya iso kan balan-balan, ya danna Space ya kama ta, ya goga ta a jikin rigar da madannan kibiya. Yana gogawa murya na gaya masa cajin da ta kwaso. Ya sake ta, a ce masa ta koma ta manne wa rigar. Wannan shi ne wurin da ya fi wuya ga masu ƙerawa: a faɗi abin da ya sauya, a lokacin da ya sauya, a taƙaice. Na fi jin haushin gwaji mai surutu fiye da mai shiru, domin idan kowane motsi sai an karanta jimla uku, yaro zai cire abin kunne ya haƙura. Shi ya sa a gwajin dokar Ohm, wadda ta shafi gudanar lantarki, aka haɗa da sauti, amon na sauyawa tare da ƙarfin lantarkin da ke gudana.

Kafin ka ba shi kowane gwaji, zare linzamin, ka kunna NVDA, ita ma kyauta ce, ka kashe hasken allo. In ka maƙale a wani wuri, nan shi ma zai maƙale. Kuma kada ka riƙe masa hannu a kan madannai, bar shi ya yi ta lalube na minti goma tukuna.