Amsa: Koyon "present continuous" ta hanyar waƙa

'Yar'uwa daga unguwar Nima a Accra, kin tambaya ko waƙoƙin Turanci za su taimaka wa ɗanki mai shirin BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ya kama "present continuous", lokacin aikatau mai nuna aikin da ake cikin yi. Za su taimaka, amma sai an tace.

Ginin kashi uku ne: mai yin aikin, sai am, is ko are, sai aikatau mai -ing a ƙarshe. "She is waiting", wato tana jira.

Ki zaɓi waƙa mai tafiya a hankali, ki rubuta baiti 1 kawai, ki goge duk am, is da are. Ki rage saurinta zuwa 0.75 a YouTube, ya saurara sau 3 yana cike guraben. Nan kunne ke tuntuɓe, don mawaƙa haɗiye kalmar suke yi: "she's", "they're". Wasu ma jefar da ita suke gaba ɗaya, ko su ce "runnin'". Waƙoƙin da ke cewa "I dey go" kuwa ki ajiye su, Pidgin ne, mai duba jarrabawa ba zai karɓa ba.

Babban tarkon daga Hausarmu yake. Muna cewa "ina zuwa kasuwa kullum", sai yaro ya rubuta "I am going every day", alhali abin da aka saba yi "I go" yake ɗauka. Haka know, want da have na mallaka ba sa karɓar -ing, duk da "I am having a car" ta cika bakin mutane a Accra.

Rubutun kuma waƙa ba ta koyar da shi: run ya zama running, make ya zama making, lie ya zama lying.