Amsa ga ƙanwarmu mai son zana littattafan yara

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya: kin gama karatun zane, hannunki ya faɗa, kina son sanin yadda rayuwar masu zana hotunan littattafan yara take, kuma ko sana'ar tana riƙe mai ita. Na bari gari ya waye don in amsa miki a tsanake, domin na haura shekara 15 ina wannan aiki kuma ina ƙaunarsa.

Abin da ba wanda ya faɗa mini da farko shi ne, hoton littafin yara rabin labari ne, mai zane kuma abokin marubuci ne wajen ba da shi. Marubuci zai rubuta "Binta ta tafi kasuwa", kalma huɗu, ya wuce abinsa. Ke ce za ki yanke wace irin kasuwa, da hantsi ne ko da la'asar, ko kuɗin aiken a hannu ta damƙe ko a bakin zane ta ƙulle, ko akwai ɗan akuyan da ke bin ta a baya wanda rubutun bai san da shi ba. Yaro ɗan shekara 4 bai iya karatu ba, hotonki yake karantawa, kuma ya fi babba lura nesa ba kusa ba.

Yawancin irin waɗannan littattafai shafi 32 ne, saboda a maɗaba'a babbar takarda ake bugawa a naɗe ta zuwa shafi 8 ko 16. In an cire shafin suna da na haƙƙin mallaka, abin da zai rage miki bai fi buɗi (shafi biyu masu fuskantar juna) 12 zuwa 14 ba. Kafin in taɓa fenti nakan naɗe fararen takardu in yi ɗan littafin gwaji, in yanka rubutun da almakashi in lilliƙa, in yi ta juya shafi ina karantawa da ƙarfi. Nan ake gane inda ya kamata a ɓoye kura a bayan shafi, don yaro ya juya gabansa na faɗuwa. Wannan matakin ya fi cin lokacina, kuma shi ne wanda mai biyan kuɗi ba ya gani.

Sai wahalar da ke kayar da gwanaye da yawa: zana yarinya ɗaya sau 20, tana gudu, tana kuka, ta juya baya, ta tsuguna, amma ko'ina a gane ita ce. Kitsonta in shuku ne a shafi na 5, kada ya zama kalaba a shafi na 19.

Bari in ba ki abin da ya same ni. Na taɓa kai gwajin wani littafi wata makarantar firamare, malamar aji biyu ta tara mini yara a gindin darbejiya. Ina nuna shafin da uwa take daka da goyo a bayanta, sai wata yarinya ta ɗora yatsa a kan hoton ta ce, "Malam, jaririn nan zai faɗo." Na ce don me? Ta ce ba a ɗaura masa majanyi ba, kuma ƙafafunsa ba su leƙo ta kwiɓin uwar ba. Gaskiyarta. Na tashi a gidan da kullum ake goyo, amma ban taɓa tsayawa na duba yadda ake yi ba. Na koma gida na roƙi yayata ta goya ɗanta ta kwance har sau uku ina zanawa. Tun daga ranar ba na zana murhu, rumbu, zaure ko keken ɗinki da ka, sai na je na zauna a gabansu da fensir.

Manyan wannan sana'a a duniya da bincike suka yi suna. Leo da Diane Dillon, mata da miji a Amurka, sun ci lambar Caldecott, wadda ake ba masu zanen littattafan yara, shekara biyu a jere, 1976 da 1977, kuma littafin da ya ba su ta biyun, Ashanti to Zulu, yana jera al'ummun Afirka ne daga harafin A zuwa Z, kuma harafinsa na H Hausa ne. Daga nesa suka yi ta tono kafin su zana mu. A Ghana akwai Meshack Asare, wanda yake rubuta nasa ya zana nasa, ya ci lambar Noma ta littattafan Afirka a 1982. Mu da muke cikin abin tsundum ba mu da uzurin kwafo gida mai bututun hayaƙi da tuffa daga intanet mu miƙa wa yaron Gumel ko Maraɗi.

Ki koyi harshen 'yan maɗaba'a tun yanzu. Launin da kike gani a fuskar kwamfuta haske ne, na takarda kuma tawada huɗu ce ake haɗawa, don haka shuɗi mai ƙyalli yakan dusashe. Abin da ya fi damuna shi ne fatarmu: in kika cika baƙi a haɗin, fuskar yaro za ta fito kamar an shafa mata toka, ido da murmushi su ɓace. Ki dage a ba ki bugun gwaji kafin a saki inji. Ki bar rarar milimita 3 a gefuna saboda wuƙar yanka, kada kuma ki sa fuska a tsakiyar buɗi, ɗinkin littafin zai cinye ta.

Maganar kuɗi kuwa, ba zan ɓoye miki ba. A Amurka da Ingila an saba ba mai zane kafin alƙalami, sannan ya riƙa samun kaso daga ciniki, sau da yawa kashi 10 cikin 100 ne ake rabawa biyu tsakaninsa da marubuci. Ko can ma da yawansu suna haɗawa da koyarwa da ziyarar makarantu. A nan galibi jimla ake biya sau ɗaya, a sallame ki. Aikin da ya fi tsoka a shekarun baya daga shirye-shiryen koyar da karatu da Hausa ya riƙa zuwa, irin Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato, amma irin wannan aiki kamar damina yake, yana zuwa yana ɗaukewa. Ni da koyarwa da zanen bangon littafi nake cike giɓin. Kada ki ajiye aikin da ke hannunki tukuna.

Kuma komai kusancinki da mai aikin, a rubuta. Wani kamfani ya taɓa karɓar hotuna 14 a hannuna don littafi ɗaya, bayan shekara biyu na gan su a wani littafin daban a shagon littattafai, an yanke sunana. Ba takarda tsakaninmu, sai na haɗiye. Har yau abin yana mini ciwo. Yarjejeniyarki ta faɗi hoto nawa, gyara sau nawa, a wane littafi za a yi amfani da su, sunanki a bango kusa da na marubuci, da rabin kuɗi kafin ki fara.

Zaman kaɗaici ne, wannan ma ki sani. Wata uku ko huɗu ke da tebur, baya na ciwo, ana ɗauke wuta kina tsakiyar shafi, wani lokaci har littafi ya fito ba ki taɓa haɗuwa da marubucin ba. Za ki kuma gamu da masu tambayarki hukuncin zana abu mai rai. Ki je wurin malamin da kika amince da iliminsa ki samu natsuwa tun kafin ki yi nisa, kada abin ya riƙa cin ki a zuci kina aiki.

In kina son farawa a makon nan, shiga shafin intanet na African Storybook ko StoryWeaver, akwai labaran Hausa kyauta waɗanda lasisinsu ya yarda a sake sarrafa su. Ɗauki ɗaya, ki rufe hotunansa, ki yi naki gwajin na shafi 8 da fensir kawai. Ki ba yaran gidanku ba tare da kin karanta musu ba, ki ce su faɗa miki labarin. Abin da suka faɗa ki rubuta, ki turo mana nan tare da shafukan, zan duba miki in sha Allahu.