Tambayoyinku: waya a firiji, ƙurar Bodele da tsawar damina

Tambaya: Wani ɗan'uwa daga Garwa a Kamaru ya ce wayarsa na ɗaukar zafi sosai a bazara, abokinsa ya ba shi shawara ya riƙa sa ta a firiji na ɗan lokaci. Ya yi?

Amsa: Malam, wayarka ba zoɓo ba ce. Ɗauko goran ruwa daga firiji ka ajiye a tsakar gida, ka ga yadda yake zufa. Haka cikin wayar zai yi, a inda idonka ba ya kaiwa, tsatsa kuma ta biyo baya.

Wannan batu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Batirin lithium-ion na cikin waya, wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, babban makiyinsa zafi ne. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da wayarsa tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Celsius. Mu kuwa a Garwa da Marwa, Maris da Afrilu zafi kan haura 40. Tun ba ka taɓa ta ba ta wahala, sai ka jona ta a caji, ka bar mata rigar roba, ka tura ta ƙarƙashin matashi, ko kana kallon bidiyo tana caji. Ina za ta sha iska? Ga 'yan acaɓa da ke ɗaure waya a kan babur, rana na dukanta tun hantsi har la'asar. Wata rana sai ka ga bayanta ya ɗago, batiri ya kumbura. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne masu huda kumburarren batiri da allura wai iska ta fita. Wallahi wuta yake kamawa. A canza shi kawai.

Ni da asuba nake caji, in cire rigar, in kwantar da ita a kan siminti, in zare idan ta kai kashi 80 cikin 100.

Tambaya: Daga Njamena, tun bayan hunturu caja ba ta zama da kyau a bakin wayata.

Amsa: Ƙura ce. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace a hankali, ban da allura. Kuma ka girmama ƙurar nan: mai yiwuwa daga kwarin Bodele take, a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki. Iska na ɗaukarta ta haye tekun Atlantika har dajin Amazon a Kudancin Amurka, inda sinadarin fosforos da ke cikinta yake zama taki ga itatuwa.

Tambaya: Wata Hajiya daga Ngaundere tana tambaya ko waya na jawo tsawa.

Amsa: Ba ta jawowa, Hajiya. Haɗarin yana jikin wayar wutar bango, don haka ki zare caja idan hadari ya haɗo. In kin ga walƙiya ki ƙirga: duk daƙiƙa 3 kafin ƙarar ta iso, nisan kusan kilomita 1 ke nan. Da zarar kina jin ƙarar, ki shiga ɗaki.