Ƙanwata, nazire ba kyauta ba ce a Hawai tukuna

Karo na uku kenan a watan nan ana turo min tambaya iri ɗaya, na ƙarshen nan ƙanwata ce 'yar gwaggona, mijinta ya samu gurbin digiri na uku a jami'ar Hawai da ke Manoa, yaranta biyu ɗaya shekara 3 ɗaya 4, wai an ce mata a nan gwamnati ta ɗauke wa kowa kuɗin nazire shi ya sa take so su tattaro su taho gaba ɗaya. To bari na amsa a nan kowa ya gani, na gaji da saƙon murya ƙarfe ukun dare, kun manta awa 11 ne tsakaninmu.

Ƙanwata wanda ya faɗa miki rabin zance ya ji. Shirin akwai shi, sunansa Ready Keiki, keiki yaro kenan da yaren 'yan asalin Hawai, mataimakiyar gwamna Sylvia Luke ce ta ƙaddamar da shi farkon 2023 bayan majalisar jiha ta ware dala miliyan 200 a 2022 don gina azuzuwa. Amma alƙawarin shi ne kowane ɗan shekara 3 da 4 ya samu wuri zuwa 2032. 2032 fa. Lokacin naki sun ma manta sun taɓa shan fida.

Azuzuwan kyauta da ake da su yanzu suna cikin wasu firamare na gwamnati, kujeru kaɗan ne kuma akwai waɗanda ake fara dubawa, masu ƙaramin ƙarfi, yara masu buƙata ta musamman, marasa matsuguni, da yaran da ake wani yare a gidansu ban da Turanci. Nan ne na cuci kaina. Wurin da fom ya tambayi yaren gida sai na rubuta Turanci, irin kurin nan namu kar a ce mun fito daga ƙauye, ashe da Hausa na rubuta da ta taimake ni. Ki rubuta Hausa da manyan baƙi. Kuma ko an samu wajen ƙarfe biyu ake tashi, Laraba ma tun kafin nan.

Ni ta kuɗi na kai 'yata. Wata makarantar da ba zan kira suna ba ta karɓi kuɗin fom ta ajiye mu a layin jira wata bakwai, kullum na kira sai muryar nan mai daɗi ta ce mahalo, wato na gode da yarensu, kuɗin kuma ya tafi kenan. Wadda ta ɗauke mu daga baya sama da dala dubu nake biya duk wata, yaro ɗaya. Ke biyu gare ki. Akwai tallafin Preschool Open Doors na jiha da Head Start na tarayya, duk da ma'aunin samu suke aiki kuma ba ranar da kika sauka za ki same su ba. Sannan in da bizar F-2 ta iyalan ɗalibi za ki zo ba ki da izinin aiki, ko kitso kika yi aka biya ki laifi ne, shi kuma maigidan awa 20 a mako cikin jami'a. Haya kaɗai za ta cinye alawus ɗinsa. Ni na san abin da na sha kafin na gama karatun nas na tsaya da ƙafata, ba wanda ya turo min sisi daga gida, alhamdulillah.

Amma ba kuɗin ne ya fi yi min ciwo ba. Maƙwabciyata 'yar asalin nan ce, ɗanta yana Punana Leo, ma'anarsa sheƙar murya, nazire ce da ba a yin kalma ɗaya ta Turanci sai yaren Hawai zalla. Mutanen nan an tumɓuke sarauniyarsu Liliuokalani a 1893, a 1896 aka yi doka Turanci kawai za a yi karatu da shi, ana dukan yara in sun yi yarensu, sak yadda ake cin mu tarar banakula a makaranta. Kafin farkon shekarun 1980 yaran da ke jin yaren ba su kai 50 ba in ka cire tsibirin Niihau. Sai wasu malamai da iyaye suka kafa ƙungiya a 1983, suka kwaikwayi Maori na New Zealand, suka buɗe ta farko a Kekaha a tsibirin Kauai a 1984 alhali dokar hana koyarwa da yaren ba a cire ta ba sai 1986. A 1987 gwamnati ta buɗe nata azuzuwan, Kaiapuni, yanzu yaro zai iya yi har jami'a a Hilo da yaren. Kuma Punana Leo ɗin ba kyauta ba ce, iyaye suna biya, suna zuwa ajin koyon yaren su ma, suna ba da awannin aiki har shara da wanke-wanke. Na ga matar nan ta taso daga aiki a gajiye ta wuce aji don ta iya amsa wa ɗanta.

Ni kuma da na tashi a Fagge ba abin da ban sani ba na Hausa, wata shida da shigar 'yata makaranta ta daina amsa min da ita. Ranar sallah na ba ta waya ta gaida Hajiya, ta tsaya tana kallona ta kasa ko ina wuni, Hajiya ta yi dariya ta ce a gaida Baturiya. Ni ban yi dariya ba, banɗaki na shiga na yi kuka. Yanzu doka ce a gidana, daga ƙofa zuwa ciki Hausa, ana fama dai, tana ji amma bakin ya yi nauyi.

Shawarata ki bar shi ya zo shi kaɗai zangon farko ya samu ɗaki ya cike fom ɗin tun da wuri. Babban in ya cika 5 ranar 31 ga Yuli ko kafin nan zai shiga kindagatin na gwamnati, wannan kam kyauta ne, kin ga saura ɗaya. Turo min ranakun haihuwarsu na lissafa miki. Kuma in za ki taho kar ki ɓoye kuka da daddawa a ƙasan akwati, ana cike fom na kayan gona kafin a sauka, ki rubuta duk abin da kika ɗauko, nawa kason daddawar ma ki rubuta shi.