Motar gwamnati ta kaɗe ƙanena, an ce mu jira ya warke

Tambaya: Barista, motar wata ma'aikatar gwamnati ta kaɗe ƙanena a kan hanyar Jega zuwa Birnin Kebbi yana kan kabu-kabu, ƙafarsa ta karye gida biyu. Yau kwana hamsin ke nan. Mun sayar da buhunan shinkafar da muka ajiye, maganin bai ƙare ba. Wani da ya san kan kotu ya ce mu bari sai ya warke, tunda magana tana hannun 'yan sanda. Kuma bai sa hular kwano ba, kuɗin lauya ma ba mu da shi. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Jega.

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya. Wanda ya ce ku jira, da gangan ko da rashin sani, ramin mugunta yake gina muku.

Dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata 3 kacal a shigar da ƙarar jami'i kan abin da ya yi a bakin aiki, kuma direban ma'aikata yana cikin waɗanda take karewa. Kun ci kwana 50, saura kamar 40. Ƙarar ɗan kasuwa ko kamfani da shekaru ake ƙirga wa'adinta, shi ya sa mutane suke sakankancewa, har su zo ofis da takardu a leda bayan wata biyar.

Kullum abin da nake ji ke nan: "Ai ciwon bai warke ba, lokaci bai fara ba." Ya fara tun ranar da motar ta taɓa shi. Dokar ta yi maganar cutarwa mai ci gaba, amma kotuna sun ce ana nufin aikin cutarwar ne yake ci gaba, ba raɗaɗin da ya bari ba. A shari'ar Obiefuna da Okoye ta 1961, motar 'yan sanda ce ta kaɗe mutum yana kan babur, ya yi watanni yana jinya, da ya samu sauƙi ya kai ƙara, kotu ta ce lokaci ya wuce. Fiye da shekara sittin ke nan, amma har yau masu zaman gindin bishiya a bakin kotu, masu tsohuwar kwat da jakar takardu, suna gaya wa talaka ya jira. Lauya yakan iya neman kafa, misali a ce direban ba aikin ofis ya fita ba, amma wa zai jingina ƙafar ɗan'uwansa da wataƙila?

Batun 'yan sanda kuma daban ne. Su tuhumar tuƙin ganganci suke yi. Neman diyya ƙara ce taku da kanku. Fayil ɗinsu ba ya tsayar da agogo. Zaman sulhu ma haka, ko da dattawa ne suka shiga, ko wani darakta ya ce "za a duba". A yi sulhun, amma ƙara tana gaban kotu. Wasu hukumomin ma sai an ba su sanarwar wata ɗaya kafin a kai su, ka ga kwanakinku sun ƙara raguwa.

Hular kwano ba ta kashe ƙara. Sakacin wanda aka ji wa rauni rage diyya yake yi gwargwadon laifinsa, kuma ƙafa ce ta karye, ba kai ba.

Kuɗin lauya: ƙa'idojin aikinmu sun yarda a yi yarjejeniya lauya ya ɗauki kaso daga abin da aka samu. A rubuta kason, a kuma rubuta wa zai biya kuɗin shigar da ƙara. In hakan bai yiwu ba, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana da ofis a Birnin Kebbi, kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar haɗari.

Cikin makon nan ka tattara rahoton likita, hoton ƙashi, rasit na kowane magani, lambar motar da sunayen waɗanda suka gani. In kun kai shi wurin mai ɗori, ku koma asibiti a rubuta, don mai ɗori ba ya ba da takarda. Kada kowa ya dangwala yatsa a wata takardar "mun yafe" kafin lauya ya karanta ta.